Wa Ya Ce Rijiyar Ta Ƙafe?

A shekarun da fari ya yi ta bin juna a ƙasarmu, ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare a Isa. Gidanmu kuwa yana Sabon Birni, inda mahaifina yake da zaure da ɗalibai magidanta masu karatun littattafai. Ni kaɗai ne cikin 'ya'yansa na bi boko har na zama malami a cikinta. Bai taɓa hana ni ba, bai kuma taɓa tambayata abin da nake koyarwa ba. Idan na je gida ƙarshen mako sai mu gaisa, ya tambayi lafiyar yarana na makaranta, in tambayi lafiyar ɗalibansa, daga nan kowa ya kama gabansa.

Shekarar da nake magana a kanta, ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, gero ya tashi har ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke. Hadari ya haɗu ta gabas, mu fito muna kallo, iska ta zo ta watsa shi. Geron ya murɗe ganye ya tsaya a haka, ko kai bai fitar ba. Bara ma abin da aka girbe bai kai mutane ko'ina ba, saboda haka rumbuna sun riga sun zama wofi. Gulbi ya koma rairayi, mata suna tona shi da ƙwarya suna jiran abin da zai tsattsafo. Mutane suna shigowa daga Nijar da jakuna da 'yan komatsansu, namu kuma suna sauka kudu. A ajina, kowane mako sai in ga wani benci ya ƙara yin fili.

Waɗanda suka rage ina koya musu rubutun Turanci irin na ofis. Akwai abu guda da na ɗauko daga malamina na kwalejin horon malamai, na kuma riƙe shi da ƙarfi: duk inda ka rubuta cewa an faɗi wata magana, to ka sa wanda ya faɗe ta a gaban jimlar, a gan shi. Yaro ya rubuto mini, “It is said that the rain will not come,” wato an ce ruwa ba zai zo ba. In tsayar da shi in ce, “Wa yac ce?” Ya ce, “Malam, an dai ce.” Aji ya kwashe da dariya.

Ban taɓa ganin laifinsu ba. A bakinmu “an ce” da “wai” ba lalaci ba ne. Da su ake sakaya sunan babba, da su ake isar da magana mai nauyi ba tare da an jefa kowa cikin rigima ba. Amma takardar Turanci da za ta hau teburin wanda bai san ka ba, bai san garinku ba, idan ta ce “an ce”, mai karatu zai ɗauke ta zancen bakin kasuwa. Shi ya sa nake matsa musu su rubuta cewa manomi kaza ya faɗa, ko likita ya ba da rahoto, ko ɗan kasuwa ya yi iƙirari, su kuma san cewa waɗannan kalmomi ba nauyinsu ɗaya ba.

Ana cikin haka labari ya zo cewa wata tawaga za ta zo duba halin da ake ciki, ta ga inda za a kai agajin hatsi. A cikinsu akwai ma'aikatan gwamnati, akwai kuma baƙi daga nesa waɗanda ba su jin Hausa. Dattawan garuruwanmu suka kafa kwamiti don a rubuta musu bayani da Turanci. Magatakardan kwamitin tsohon akawu ne da ya yi ritaya, sa'an mahaifina, mutum mai tsabta da natsuwa, yana da tafiretarsa ta kansa. Wata rana da hantsi ya same ni a ɗakin malamai da takarda a hannu.

“Malam, duba muna wagga takarda,” in ji shi. “Inda Turancin ya karkace ka miƙe shi.”

Na karanta har ƙarshe. Turancinsa ya fi nawa daɗin ji. Amma kusan kowace jimla da abu ɗaya take farawa: an ba da rahoto cewa rijiyoyi sun ƙafe, ana jin cewa shanu sun mutu, ana cewa hatsin agajin da aka aiko a baya bai kai ƙauyuka ba, ana zargin wani ya karkatar da shi.

Na ce, “Baba, Turancin ba shi da laifi. Sai dai ban ga mutum ko guda a ciki ba.”

“Mutum kamar ƙaƙa? Ai talakawan ƙasar duka suna ciki.”

“To wa yac ce rijiyoyin sun ƙafe?”

“Kowa ya sani.”

“Su masu zuwa ba su sani ba. Kuma kowane gari zai ba su takarda irin wagga. In suka karanta goma duka suna cewa an ce, ina za su fara?”

Ya zare tabaransa ya dube ni. Ya ce, “Kai yaro ne. Da sani nir rubuta ta hakanan. Mulkin soja muke ciki. In ka sa sunan talaka cikin takardar koke, gobe aka tashi neman mai ɓata sunan gari, kai za a nema ko shi? Kai kana da albashi da alli. Shi mi gare shi?”

Gaskiya ya faɗa. Na roƙe shi ya bar mini takardar zuwa bayan Juma'a.

Da na je gida, bayan sallar la'asar, ɗalibai sun watse, na zauna a gefen buzun mahaifina na kwashe labarin na faɗa masa. Wannan ne karo na farko da na taɓa kawo masa zancen aikina. Ya ce in fassara masa jimlolin ɗaya bayan ɗaya. Na fassara. Ya ce in maimaita abin da nake koya wa yara. Na maimaita. Sai na ga yana murmushi yana shafa gemu.

“Ashe Nasara ma sun san wanga,” in ji shi.

Ya jawo wani littafi daga gafakarsa ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan layin farko na wani hadisi. Ya ce in duba yadda kafin a kawo maganar sai an jero mutanen da suka ji ta daga bakin juna, wane ya ji daga wane, har a kai tushe. Shi ne isnadi. Ya ce malaman ruwaya idan suka rubuta “an ruwaito” ba su ambaci kowa ba, to da gangan suke yi, suna nuna wa mai karatu cewa maganar tana da rauni, kada ya gina hukunci a kanta. Ya ce kuma wanda ya ce “na ji da kunnena” daban yake da wanda ya ce “an ba ni labari”.

“Abokina bai yi ƙarya ba,” ya ce, yana nufin magatakarda. “Tsoronsa na da hujja. Amma in kuna son a yi aiki da maganarku, sai kun nemo masu ita. Sharaɗi biyu za ni ba ka. Kada ka rubuta sunan kowa sai ka gaya mishi abin da ka iya biyowa baya, ya yarda da bakinsa. Kuma wanda ya gani ka ce ya gani, wanda ya ji ka ce ya ji. Kada ka ƙara wa kowa gishiri don tausayi.”

Na ce to idan kowa ya ƙi fa?

Ya ce, “Fara da ni. Rubuta cewa ni nac ce ɗalibaina na ƙauye sun bar zuwa karatu, sun tafi neman abin da za su ba iyali. Wanga da idona nig gani.”

Na fito daga zauren ina kallon aikina da wani ido daban. Shekaru ina ɗauka cewa ni da shi hanyoyi biyu muka bi waɗanda ba za su taɓa haɗuwa ba.

Da na koma wa magatakarda da wannan, ya ce tun da mahaifina ya sa sunansa, ba zai hana ni ba, amma da shi za a yi tafiyar. “Za ni bi ka in ga wanda za shi yarda,” in ji shi. Na ari babur a wurin wani abokin aikina, magatakarda ya naɗe babbar rigarsa ya hau baya.

Muka fara da Bafarawa ranar kasuwa. Ban manta da abin da na gani ba: turame, da ƙyauren ɗaki, da tasoshin jeren amare, duk an baje ana neman mai saye, ga awaki da za ka iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Kowa muka tsaya wa magana yake yi, har wasu na katse wasu. Amma da zarar na zaro biro na ce wa za ni rubuta ya faɗa, sai murya ta sauka. “A'a Malam, ni dai ji nay yi ana faɗi.” Mutum guda ne ya yarda nan take, wani ɗan kasuwar hatsi. Shi kuwa cewa ya yi babu wata yunwa, ga hatsi nan jibge a rumfarsa, mutane ne kawai ba su da abin saye. Na rubuta yadda ya faɗa. Magatakarda ya ja hannun rigata ya ce, “Wanga kuma na mi ne? Ɓata muna takarda za ka yi?” Na ce ai shi ma ya faɗa, ya kuma yarda a sa sunansa.

A Kamarawa ma haka muka sha. Aka karɓe mu da mutunci, aka nuna mana gonaki, aka ƙi ba da suna.

Washegari muka nufi arewa, wajen Burkusuma. Akwai wani ɗan ƙauye kusa da can inda gwaggona take, yayar mahaifina, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Babur ya yi ta nutsewa cikin rairayi, muna sauka muna turawa. Muka isa rana ta take. Na shiga na gaishe ta, na tarar tana tsame anza daga tukunya. 'Ya'yan wani daji ne masu ɗacin tsiya, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu, kuma ba a waiwayarsu sai abinci ya ƙare. Ta ce abin haushin ma shi ne ruwan da za a jiƙa su ya fi su wuyar samu.

Maza suka taru a gindin wata bishiyar aduwa a ƙofar gidanta. Na yi musu bayani, na kuma faɗi gaskiya cewa wanda ya ba da sunansa ana iya kiransa a yi masa tambayoyi, ba ni da ikon hanawa. Mai unguwa ya gyara zama ya ce lalle ana cikin wani hali, ana kuma cewa rijiya ta ja baya. Na ce wa za ni rubuta ya faɗa? Kowa ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa.

Sai muka ji motsi a bayan danga. Gwaggo ta fito da mayafinta, tana jan guga da igiyarta, ta jefar da su a gabanmu. Fatar gugar ta bushe ta ƙandare kamar tsohon takalmi.

“Ɗan ƙanena, mi kac ce kana nema? Wanda yac ce rijiya ta ƙafe?”

Na ce, “Shi ne, Gwaggo.”

“Ni nac ce. Rubuta.”

Na ce, “Gwaggo, kin ji abin da nac ce? Ana iya zuwa a kira ki.”

“Su taho su kama ni. Na ji can ana ba mutum tuwo.”

Mazan suka yi dariya, irin dariyar da ke fita da kunya a ciki. Ita kuwa ba ta yi ba. Ta tsaya ta faɗi abin da ta sani a tsare: rijiyar ta daina ba da ruwa tun kafin sallar layya; mata suna fita da jakuna bayan asuba zuwa wata rijiya wajen iyaka, ba su dawowa sai rana ta karkata; gidaje da yawa anza da tafasa suke ci. Magatakarda ya tambaye ta ko gaskiya ne yara sun mutu saboda yunwa a ƙauyen da ke gabansu, domin hakan na cikin takardarsa. Ta ce, “Wanga ban gani ba. Wata mata ta faɗa mini a bakin rijiya, ban ko san ɗiyar wa ce ba. Kada ka ce ni nac ce.”

Ta koma cikin gida. Sai wani Bafulatani da ke zaune a gefe da sandarsa ya ce a rubuta shi. Ya tashi ya kai mu bayan gari ya nuna mana inda shanunsa suka faɗi, ƙasusuwa a warwatse, ya kira wasunsu da sunayen da yake kiransu suna da rai. Da muka dawo, wani manomi mai matsakaicin shekaru ya ɗaga kai.

“Malam, hatsin da anka ce an aiko bara, bai iso garin ga ba. Ko tsaba guda.”

Magatakarda ya matso. “Wato wani ya cinye shi?”

“Ban ce wani ya ci ba. Ban ga wanda yac ci ba. Na ce bai iso ba. In za ka rubuta, rubuta hakanan.”

Na sake gaya masa cewa tasa maganar ta fi ta kowa haɗari. Ya ce ya ji.

Daga wannan rana abin ya yi sauƙi. Labari ya riga mu zuwa wasu ƙauyukan cewa tsohuwa ta ba da sunanta. Ba kowa ya yarda ba, akwai garuruwan da muka fita hannu wofi, amma mun sami mutanen da suka isa.

Muka zauna a zauren magatakarda muka sake takardar daga farko, ni ina faɗa, shi yana bugawa, yana gyara mini inda Turancina ya yi tauri. Kowace jimla muka sa mai ita a gaba. Gwaggo ta bayyana cewa rijiyar ƙauyensu ta ƙafe. Makiyayi ya ba da rahoton mutuwar shanunsa, mu kuma mun ga ƙasusuwan. Manomi ya faɗi cewa hatsin bai iso ƙauyensu ba. Da muka zo kan ɗan kasuwa na ce a sa “claimed”, wato ya yi iƙirari, domin mai karatu ya gane cewa faɗarsa ce, ba mu tsaya mata ba. Magatakarda ya ɗaga yatsunsa daga tafireta ya yi 'yar dariya, ya ce ashe akwai hanyar da za ka bar mutum ya yi magana ba tare da ka ɗauki kayansa ba.

Inda muka yi gardama sosai shi ne jimloli biyu: zancen mutuwar yara, da zargin karkatar da hatsi. Ko'ina mun ji su, amma ba mu sami mutum guda da ya ce ya gani ba, ko ya ce ga wanda ya gaya masa. Na ce a cire su. Ya ce su ne masu taɓa zuciya, kuma mai yiwuwa gaskiya ne. Na ce mai yiwuwa, amma idan baƙin suka tambayi wa ya faɗa muka rasa, sauran takardar ma za ta zube. Ya tashi ya fita tsakar gida, ya daɗe, ya dawo ya cire su da hannunsa. A ƙarshen takardar kuma, ba tare da na ce masa komai ba, ya buga cewa shi da ni mun zaga waɗannan garuruwa mun ga abin da muka ce mun gani, ya sa sunansa a gaban nawa.

Da aka karanta wa kwamiti fassararta, wasu dattawa suka fusata cewa an zare mata haƙora. Su ba sa'o'ina ba ne. Magatakarda ne ya tsaya ya kare ta, har suka haƙura.

Tawagar ta zo da motoci, aka yi taro a babban ɗakin wata makaranta a Isa. Aka yi jawabai, kowane yanki ya miƙa takardarsa. Ina zaune a baya ina kallon wata mata daga cikin baƙin tana bin takardun ɗaya bayan ɗaya, tana karanta kaɗan tana ajiyewa. Da ta zo kan tamu sai na ga ta ci gaba har ta juya shafi, ta zaro biro tana ja wa wasu layuka. Ta yi magana da na kusa da ita. Shi kuma ya ɗaga murya ya tambaya da Hausa ko wannan tsohuwa da aka ambata tana nan, kuma ko ana iya ganinta.

Magatakarda ya miƙe ya ce tana nan, ga ɗan ƙanenta ma zai kai su.

Washegari da safe muka tafi, sai da suka fara tsayawa a rumfar ɗan kasuwar nan suka ga hatsin da idonsu, suka tambayi mutanen da ke tsaye suna kallonsa ba su saye. A ƙauyen, Gwaggo ta fito ba ta ko sauya zane ba. Suka yi mata tambayoyi ina fassarawa, abin da ta faɗa mana shi ta maimaita, ba ragi ba ƙari. Ta kai su bakin rijiya, ta zura guga har igiya ta ƙare, ta jawo ta juye a gabansu. Busasshen rairayi ne ya zubo. Matar nan ta ɗanɗana anza ta yamutsa fuska, Gwaggo ta ce in gaya mata wannan ai an riga an jiƙa shi, ba ta ji na asali ba. Ina tsaye tsakaninsu ina juya maganarta zuwa Turanci, kowace jimla ina farawa da “ta ce”, ban taɓa jin daɗin furta waɗannan kalmomi kamar ranar ba.

Abin da magatakarda ya ji tsoro kuwa bai fasa zuwa ba. Bayan tafiyar baƙin, wani mai riƙe da muƙami ya aika a kira manomin nan. Da labari ya iso ni, sai na je na gaya wa mahaifina. Ya shiga ya sa rigarsa ta Juma'a ya naɗa rawani, muka biya muka ɗauki magatakarda. Muka tarar an bar manomin a tsaye cikin rana tun safe. Da aka shigar da shi muka bi shi ciki. Mai muƙamin ya fara faɗa, yana cewa an zarge shi da sata a gaban baƙi. Magatakarda ya ce, “Ranka shi daɗe, ga takardar. A nuna muna inda anka ce wani ya saci wani abu.” Ya karɓa ya karanta, ya sake karantawa. Abin da ke ciki kawai shi ne manomi ya faɗi cewa hatsin bai iso ƙauyensu ba. Mahaifina ya ce a hankali, “In ya iso, ranka shi daɗe, sai a faɗi wanda yak karɓa, mu ba mutumin ga laifi.” Daga ƙarshe aka yi wa manomin faɗan da ba shi da kan gado, aka ce ya tafi.

A waje na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, amma bai dube ni ba, kuma ya daɗe ba ya sakin fuska idan muka haɗu. Matarsa ma, Gwaggo ta gaya mini, ta yi ta faɗa cewa ɗan boko ya jawo musu magana. Ban ga laifinsu ba. Shi ya sha ranar, ba ni ba. Sai da aka yi wata da watanni, wata rana a kasuwa, ya tsallako da kansa ya miƙo mini hannu.

Hatsi ya zo. Bai wadatar ba, kuma ba zan ce takardarmu kaɗai ta kawo shi ba, domin an kai wa wasu wuraren da ba mu rubuta ba. Abin da na sani shi ne a wannan karon motar ta isa ƙauyen Gwaggo, an sauke buhunan a gindin aduwar nan a gaban kowa. Daga baya kuma aka turo masu haƙa su ƙara wa rijiyar zurfi, su ɗaure ta da siminti.

Ranar da suka cim ma ruwa aka aiko mini, na sake aron babur na tafi. Ƙauyen ya cika da guɗa. Ruwan farko ja ne, da laka a ciki, yara suna ta tara hannu. Gwaggo tana zaune a kan turmi tana ba da umarni kamar ita ta haƙa, wa zai fara ɗiba, wa zai jira, a bar jakuna su sha tukuna domin su suka yi wahalar. Da ta gan ni ba ta yi zancen takarda ba. Ta ce na rame, ta tambayi ko ba a dafa abinci a Isa ne. Sannan ta sa aka tace ruwan da tsumma aka cika mini jarka, ta ce in kai wa ƙanenta.

Na ɗaure jarkar a bayan babur na kamo hanyar Sabon Birni, ina tafiya a hankali don kada ta faɗi. Na iso ana shirin la'asar, ɗalibai kaɗan suna zaune a zaure. Na gaya wa mahaifina daga inda ruwan ya fito. Ya sa aka zuba masa a buta, ya fita ƙofar zaure ya tsuguna ya yi alwala da shi. Da ya kurkure baki sai ya ɗan tsaya, ya ce da zartsi kaɗan, amma zai washe in an yi ta ɗiba. Ya ce a zuba wa ɗaliban su ma su yi, sauran a kai cikin gida. Sannan ya miƙo mini butar, muka tafi masallaci tare.